Baƙin da Zinariya Ta Shafa wa Adda

Sunanta na yanka Ummulkhairi, amma ko mijinta sai ya ɗan yi tunani kafin ya tuno da shi. Zinariya kowa ya sani a Yashe. Kakarta ce ta laƙaba mata, wai don an haife ta a shekarar yunwa, lokacin da babu abin da za a kalla a gidan a ji sanyi sai ita. Ubanta manomi ne, gero da dawa da ɗan wake. Uwarta ba ta yi tsawon rai ba, don haka a hannun ƙanwar uwar ta tashi, wata mai kitso a Kusada, mace mai zafin hannu da zafin baki. A wurinta ta koyi tsaga da kibiya, da ɗaurin doka, da yadda ake murza shuni da man shanu har ya kama gashi ya yi sheƙi. Da aka ɗaura mata aure da Kabo, ta dawo Yashe da kayan ɗakinta da sana'a a hannu.

Zinariya ba kyakkyawa ba ce irin ta a tsaya a kalla. Gajera ce, baƙa, mai faɗin fuska. Abin da take da shi shi ne gyara. Kullum da hantsi, in ta gama shara da wanke-wanke, sai ta zauna a bakin ƙofar ɗaki da ɗan madubinta mai tsaga a gefe. Ta shafa man shanu kaɗan a tafin hannu ta murza a fuska. Ta buɗe tandu ta zizara kwalli, ta ja shi ya ɗan wuce gefen ido. Ta ɗiga katambiri a tsakanin gira, ɗigo guda, ba ta yarda da zanen da 'yan mata ke cika kumatu da shi ba. Sannan ta goga furen taba a haƙora, ta bi da ɓarin goro har leɓe ya ɗauki ja. Shi ke nan. Takan ce wa matan da ke zuwa kitso, “Kwalliyar yau da kullum kamar gishiri take. In an ji shi a baki, ya yi yawa.”

Da gyaɗa ta yi daraja, motoci suka fara tsayawa a bakin hanyar Kano suna lodi, sai kayan kanti suka shigo ƙauye: hoda a gwangwani, jan baki, turare a kwalba. Zinariya ba ta ƙi su ba. Ita ce ta fara nuna wa matan Yashe cewa hoda ba a yaɓa ta kamar farar ƙasa, ana sa ta a tsumma mai laushi ne a ɗan daddanna, a kaɗe sauran. Amare har daga Kafin Soli ana kawo mata. Abin da ta ce ya dace, ya dace.

Tana da ƙawa guda tun suna tallan gyaɗa, Rabi, wadda kowa ke kira Adda saboda ita ce babba a gidansu. Adda ta ɗan girme ta, kuma babu abin da ya haɗa halinsu. Daddawa take yi, hannunta kullum cikin kalwa da toka, kwalli sai ran Sallah in ta tuna. Kanta ya yi furfura rabi da rabi tun da wuri, bai taɓa damun ta ba. Lalle kawai takan kwaɓa ta shafa a ka lokacin zafi, wai yana sauke mata ciwon kai, shi ya sa furfurar tata ta ɗan yi ja-ja. Duk abin da Zinariya ta faɗa, Adda ba ta musu. In an ce mata wani abu a kan ado sai ta ce, “A tambayi ƙawata, ni ban san kan abin ba.”

Zinariya ta ɗan haura arba'in lokacin da ta ga farin gashi na farko a gaban goshinta. Ta tsige. Bayan girbi ta ga sun dawo da 'yan'uwansu. Ta riƙa danne su da shuni tana jawo kallabi gaba. Wata rana tana sunkuye tana yi wa wata budurwa kitso, yarinyar ta ɗago kai ta ce, “Lah, Inna, ashe ke ma kin fara!” Matan da ke jiran layi suka yi dariya, ita ma ta yi. Amma da suka watse ta daɗe zaune da madubi a hannu, tuwon rana har ya kama.

Ba tsufan ba ne ya tsorata ta. Gani take in kanta ya yi fari, amare za su koma wa wata, a ce hannun tsohuwa ne, adon da ne.

A kasuwar Kankiya akwai wani ɗan koli, Ɗanmaliki, wanda take sayen allura da kwalli a wurinsa. Ran nan ya duba hagu da dama, ya zaro wata 'yar kwalba daga ƙasan kayansa. Gari ne baƙi a ciki, a takardar da ke manne a jikin kwalbar an zana wata mace mai gashi har kafaɗa.

“Daga Ikko wani direba ya taho da shi,” in ji shi. “Matan can ba su furfura, Zinariya. Wanga ne asirinsu. A kwaɓa da ruwa a shafa, shi ke nan, har abada.”

“Mi aka rubuta a jiki?”

“Boko ne. Yabon maganin ne dai, mi za su rubuta in ba shi ba?”

Ta saya, ta ƙulle a bakin zane, ta kai gida ta tura cikin kwalla ƙarƙashin tsummoki. Ko Kabo ba ta gaya wa ba. Sau da yawa takan ɗauko ta buɗe ta shinshina. Warin kamar na tsohon ƙarfe da ya sha ruwa. Sai ta rufe ta mayar. Ta san shuni, ta san lalle, ta san abin da kowannensu ke yi wa fata. Wannan ba ta san shi ba, kuma tana tsoron ta sa a kanta ya yi mata abin da ba za ta iya ɓoyewa ba.

Ana haka sai albishir ya zo daga Kankiya. Haulatu, autar Adda kuma ɗiyarta mace tilo, ta haihu. Haihuwar fari an yi ta a gidan Adda, yaron bai zauna ba. Wannan ta biyu ce, mace, lafiyayya. Adda ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ta daka yaji, ta ware daddawa mafi kyau, ta sa mijinta Ummaru ya kama kaji. Sannan ta zo gidan Zinariya ta zauna a tabarma ta tuɓe kallabi.

“Ƙawata, ki gyara ni. Kin san gidan surukan nan na malamai ne, matansu 'yan gari. Kar in je in ba yarinyar nan kunya.”

Zinariya ta tsefe kan, ta taje. Tana kallon furfurar nan mai ja-ja a tsakanin yatsunta, zuciyarta na can cikin kwalla. Ta ce, kamar maganar ta faɗo mata ne kawai, “Da kin yarda da na maida miki shi baƙi wuluk. Akwai wani magani na kanti.”

“Ni da jika? Mi zan yi da baƙin gashi?”

“Kakar ma ai mutum ce. In kin tuɓe kallabi za ki yi alwala a gaban surukai, su ga kai kamar na amarya.”

Adda ta yi dariya, ta rufe baki da hannu. Can ta ce, “Kin taɓa sa wa wata?”

Nan ne Zinariya ta yi abin da ta yi. Ta ce, “Ni ma shi nike sawa. Ba ki ga kaina ba?”

Adda ba ta ga kanta ba, don kallabin na jaye har gira. Amma ta ce, “To, bisimilla.”

Zinariya ta kwaɓa garin a ƙoƙo. Ba ta san ƙima ba, ta zuba da yawa don ya kama. Da hannu ta shafa, kamar yadda ake shafa lalle, tun daga goshi har ƙeya. Abin ya yi ruwa, ya riƙa gangarowa ta bayan kunne da gefen fuska, tana sharewa da tsumma yana ƙara bajewa. Ta ce a bar shi ya sha iska, kamar ƙunshi. Suka zauna suna hira a kan sunan da za a sa wa jaririya. Bayan ɗan lokaci Adda ta fara motsi.

“Shina ɗan ci na.”

“Kamawa yake.”

Ta daure har rana ta karkata. Da ta ce ba ta iyawa kuma, Zinariya ta kawo ruwa a kwatarniya ta wanke. Ruwa ya fita baƙi, aka sake, ya fita baƙi. Ta goge kan, ta ja baya ta duba.

Gashin bai yi baƙi ba. Inda yake baƙi da ma, ya dushe ya yi kamar gawayin da aka jiƙa. Inda furfura take da lalle a kai, ya koma kore-kore, kalar gansakukar bakin rijiya, wani wurin kuma ja mai duhu. Baƙin da ake nema a gashi, fata ya kama. Goshin Adda, da kunnuwanta, da layi biyu da suka gangaro ta kumatu zuwa wuya, duk sun rine. Hannuwan Zinariya kuwa har wuyan hannu kamar ta tsoma su a marina.

“Ya yi?” in ji Adda. “Ba ni madubin.”

“Bari ya bushe tukuna.”

“Ba ni dai.”

Adda ta duba. Ba ta yi ihu ba. Ta juya kai gefe ta duba kunne, ta sake juyawa. Ta ce, “Naki ma haka ya yi da farko?”

“Haka yake yi,” in ji Zinariya, idonta na kan kwatarniya. “Gobe zai zauna.”

Adda ta lulluɓe har ido ta bi ta bayan gari ta koma gida.

Da gari ya waye bai zauna ba. Goshin ya kumbura, fatar ido ta yi nauyi, ƙananan ƙuraje sun feso a bin layin gashi suna tsattsafo da ruwa. Zinariya ta iske ta zaune a ƙuryar ɗaki tana dafe da kai. Ummaru na tsakar gida yana gyaran igiyar jaki. Ta gaishe shi, ya amsa lafiya lau kamar kullum, bai ɗago ba, bai ƙara ko kalma ba. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Daga ranar Zinariya ta ajiye kitso ta koma wuni a gidan Adda. Duk abin da ta sani yana cire launi, sai da ta gwada. Ta fara da sabulun salo da ruwan ɗumi, ta wanke, ta sake wankewa, kumfa na fita shuɗi-shuɗi amma gashin na nan yadda yake. Ta tace ruwan toka, irin wanda ake fitar da dauɗar tufafi da shi. Yana taɓa ƙurajen Adda ta zabura ta riƙe mata hannu, hawaye na zuba, ta ce, “Don Allah ban da wanga.” Ta aika aka samo lemun tsami, ta matse a gashin kawai tana kiyaye fata. Koren ya ɗan ja baya ya koma kalar tsatsa, gashin kuma ya bushe ya yi ƙarau kamar harawa. Ta jiƙa tsamiya ta gwada, ba wani bambanci. Wata tsohuwa maƙwabciya ta leƙo ta ce a sa kanwa. Zinariya ta san kanwa na cin gashi, amma ta rasa dabara, ta sa kaɗan a ƙeya. Da ta taje, gashin wurin ya biyo mataji.

Abu biyu ne suka yi amfani, su ma a hankali. Nono mai tsami da wata Bafillatana ke kawowa, in an shafa mai sanyi a goshi, yakan kwantar da raɗaɗin. Sai man gyaɗa. Ta ɗumama shi kaɗan a kasko, ta shafe kan da fuskar, ta naɗe da tsumma, a bar shi ya jima, sannan ta goge da auduga. Audugar takan fito da ɗan baƙi. Kowace rana baƙin fatar na raguwa kamar yadda inuwa ke ja da baya, amma ba da saurin da ranar suna ke matsowa ba.

Ummaru ya ce a kai ta ɗakin shan magani na Kankiya. Adda ta ƙi. Ta ce ba za ta buɗe kanta a gaban malamin asibiti, namiji, a garin surukan ɗiyarta ba, ko da kan zai ruɓe.

Labari kuwa ya riga ya zaga gari, don hannun Zinariya ba ya ɓoyuwa. A bakin rijiya wata ta ce mata, “Sabon lalle ne wanga, Zinariya? A koya mana mana.” Ta ɗauki tulunta ta wuce. A gida Kabo ya dubi hannun da ta miƙo masa tuwo da shi, ya ce, “Ke da kike gyaran mutane.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya ci tuwonsa. A kwanakin nan ko madubinta ba ta ɗauka ba. Fuska haka take fita da ita, ido fari fat, har wasu suka riƙa tambaya ko ba ta da lafiya.

Ana gobe suna, da hantsi, Adda na kwance rigingine a tabarma, kanta bisa cinyar Zinariya, ana goge mata mai. Zinariya ta sunkuya sosai tana bin gefen gira da auduga. Kallabinta, wanda ta ɗaura a gaggauce, ya zame ya faɗi baya. Hannuwanta duk mai, ba ta iya kamawa ba.

Idon Adda ya riga ya ɗan sace, tana gani. Ta ga gaban kan ƙawarta, fari sol, shunin da ke rufe shi ya kwana biyu da gogewa. Babu kore, babu ja, babu alamar wani magani ya taɓa taɓa wurin.

Ta daɗe tana kallo. Zinariya ta san abin da take kallo, hannunta ya tsaya cak.

Adda ta tashi zaune a hankali. Ta ce, “Ashe ni ce zakaran gwajin dafi.”

“Adda…”

“Da kin ce mini, ƙawata, ina tsoro, ara mini kanki in gani, wallahi da na ba ki. Kin san da na ba ki.”

Zinariya ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ta sunkuyar da kai tana kallon audugar da ke hannunta.

Adda ta jawo zane ta rufe kanta. Ta ce, “Ba ni tahiya haka. Ba zan shiga gidan mutane a riƙa nuna ɗiyata ana ga uwarta can mai koren kai ba. Ga yaji nan, ga daddawa, ga kaji. Ke za ki kai.”

“Ni? Mi zan ce mata?”

“Ke kika san abin da za ki ce. Ai kin iya.”

Da sassafe Ummaru ya ɗora kayan a motar gyaɗa mai zuwa Katsina, Zinariya ta hau baya tare da sauran mata 'yan rakiya, ta cusa hannuwanta cikin mayafi.

Gidan ya cika. An riga an raɗa suna a zaure tun da safe, ana ta guɗa a cikin gida. Wata dattijuwa, uwar mijin Haulatu, ta tarbe su da fara'a, tana leƙen bayansu. “Ina takwarar? Ai Rabi aka sa wa yarinya. Mun ɓoye ne don ta ji da kunnenta.”

Zinariya ta ce, “Ba ta ji daɗi ba ne. Ta ce a gaishe ku.”

Aka yi ta Allah ya sawwaƙe. Aka shigar da ita ɗakin mai jego. Haulatu na zaune a bakin gado, ta yi wankan ganye, jaririya na gefenta cikin zane. Da ta ga Zinariya ita kaɗai, fuskarta ta canza.

“Inna Zinariya, ina Adda?” Haka ita ma take kiran uwarta, don haka ta taso ta ji ana kira.

“Tana gida. Kai ne ke damun ta.”

“Ciwon kan nan nata? Shi zai hana ta zuwa sunan takwararta?” Ta matso kusa da ita. “Ko wani abu ne kuke ɓoye mini? Ki gaya mini don Allah, tana da rai?”

Zinariya ta ga yarinyar na shirin fashewa da kuka a ranar farin cikinta. Ta fito da hannuwanta daga mayafi ta ajiye a cinya. Ta ce, “Lafiyarta lau. Wani maganin gashi na sa mata, ya ɓata mata fuska. Ni na sa. Ita ba ta nema ba.”

Haulatu ta kalli hannuwan, ta kalli fuskar Zinariya da babu ko kwalli. A lokacin ne mata suka turo ƙofa, suna cewa ai ga gwanar nan ta Yashe ta zo, ita za ta yi wa mai jego kwalliya. Suka ajiye hoda da kwalli da jan baki a faifai. Babu hanyar ƙi. Zinariya ta durƙusa a gaban Haulatu da baƙaƙen yatsunta, ta danna hoda, ta ja kwalli, ta ɗiga katambiri. Haulatu ta rufe ido tun daga farko har ƙarshe, hawaye na ɓata kwallin ana sakewa. Mata suna ta yaba hannu. Wata ta tambayi Zinariya ko rini take taɓawa yanzu, ta ce eh.

Ba ta tsaya cin abinci ba. Ta karɓi naman suna da goron da aka ba da a kai wa kaka, ta fito. A bakin kasuwa ta hangi Ɗanmaliki a rumfarsa yana yi wa wata ciniki. Ta yi niyyar zuwa, ta tsaya. Shi dai sayar mata ya yi, bai ce ta yi wa kowa ƙarya ba. Ta juya ta nufi inda ake jiran mota.

Da ta kai saƙo, ta faɗa wa Adda sunan da aka sa. Adda ta juya fuska bango, ta ce, “Allah ya raya ta. Aje nan.”

Kumburin ya sace gaba ɗaya bayan 'yan kwanaki, baƙin fata ya bi mai ya fita, sai ɗan tabo a bayan kunne guda. Gashin ne bai gyaru ba. Ya riƙa karyewa yana zuba, har Adda ta sa maƙwabciyarta ta sausaye shi da almakashi. Sai da aka yi arba'in Haulatu ta zo da goyo, sannan kaka ta ga takwararta.

Zinariya ta koma kitso, don ba ta da wata sana'ar. Amare sun ragu na ɗan lokaci, sannan suka dawo, mutane ba su da dogon riƙo a kan abin da ba kansu ya faɗa ba. Kwalbar kuwa ta haƙa rami a bayan gida ta binne. Furfurarta ta ci gaba da yaɗuwa, ta ci gaba da danne ta da shuni, don ba wai abin ya sa ta daina ƙin ta ba ne. Sai dai bakinta ya mutu. Matan da suka saba jin ta tana yanke hukunci a kan adon kowa suka lura yanzu in an tambaye ta sai ta ce, “Yadda kika gani.”

Adda ba ta yi gaba da ita ba. In sun haɗu a biki suna gaisawa, in Zinariya ta aika sayen daddawa ana cika mata har da gyara. Amma ba ta ƙara taka gidan ba, kuma “ƙawata” ta fita daga bakinta. Damina ta zo ta wuce a haka. Zinariya ta sha ɗaukar mayafi da niyyar zuwa, ta kai ƙofar gida ta dawo.

Sai bayan an kai amfanin gona gida, wata rana da hantsi, ta ji sallama. Adda ce. Ta shigo ta zauna a tabarma ba tare da an ce ta zauna ba, ta tuɓe kallabi. Gashin ya fito sabo, gajere, fari tas kamar audugar da aka shiƙe.

“Wadda ke kama mini tana ja da yawa,” in ji ta. “Kaina ba ya son hannunta. Yi mini zane, ƙanana.”

Zinariya ta je ta wanke hannu, ta ɗauko kibiya da mataji. Ta miƙa hannu za ta jawo ƙoƙon man shanunta, sai Adda ta kwance bakin zane ta fito da wani ɗan ƙoƙo ta ajiye a tsakaninsu.

“Ga nawa nan, na taho da shi.”

Zinariya ta dubi ƙoƙon, ta mayar da nata gefe. Ta lakato man Adda ta fara tsaga. Adda ta soma ba ta labarin takwara, wai ta fara rarrafe, ta ja tukunyar miyar kakarta ta wajen uba ta kifar.

Haka suka ci gaba har shekarun da aka fara maganar zaɓe da mulkin kai, lokacin da Kabo ya rasu, ɗan Zinariya ya ɗauke ta ya koma da ita Kusada. A tsawon shekarun nan Adda ba ta sake kai kanta wurin kowa ba, kuma ba ta taɓa zuwa ba tare da man kanta ba.